Ajiyar Ya Turai

Nuwadibu, Muritaniya
14 ga Oktoba

Ƙanwata Yagana,

Yau wata goma sha tara da kwana shida rabona da Maiduguri. Na ƙirga ne ɗazu a jikin kalandar ɗakin inji, ba don ƙirgar tana yi mini daɗi ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da ɗalibanki na makaranta. Ni da sauƙi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, ba ta shiri da sanyin teku. Ƙarar inji kuma ta zauna mini a kunne, ko an kashe shi ina jin ta.

Jiya jirginmu ya shigo tasha don sauke kifi, na samu minti uku na kira uwargida Zainaba. Minti biyu sun tafi a "kana ji na?" A na ukun ta ce wai kin zo gida kin canja wa kwamfutata ciki. Sai layi ya yanke.

Ki faɗa mini abin da kika yi mata. Zainaba ta ce sunan abin Linux, wai kyauta ake ba da shi. Yagana, shekarata hamsin da ɗaya. Na yi ashirin ina gyaran injin kwale-kwale a Baga kafin abin da ya faru ya koro mu, ban taɓa ganin an ba mutum ko ƙusa kyauta ba tare da wata magana ta biyo baya ba. Wa ya yi shi? Me zai ci a ciki? In ya lalace, wa za a kama?

Na san kwamfutar ta tsufa. Na san 'yata Ammatullahi tana kuka da ita, ta kunna ta, ta je ta dafa shayi ta dawo, ba ta gama farkawa ba. Na kuma san ke malamar kwamfuta ce, ni kuwa mai shafa wa inji giris. Ban ja da wannan ba. Amma ai ana tambayar mai abu. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, mahaifiyata Ya Turai kuma ta riƙe ki kamar 'yar da ta haifa, shi ya sa ƙofar gidana ba ta da sakata a gare ki. Ban ce har cikin na'urata ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Muryar mahaifiyata tana cikin kwamfutar nan. A shekararta ta ƙarshe na riƙa zama a gefen tabarmarta da waya ina ɗauka: sunayen kakanninmu, garuruwan da muka baro, waƙoƙin da ta yi mana reno da su, da haɗin turaren wutarta da ba ta taɓa yarda a rubuta ba. Guda arba'in da ɗaya. Wayar ta faɗa teku a watana na farko a nan. Filas ɗin kwamfuta da na kwafe su a kai yana shagon ƙanena Ba'ana a kasuwa, ambaliyar bara ta tafi da shi. Wuri ɗaya ya rage.

Ba zan rubuta inda suke ba a nan, domin wannan adireshin imel na gida ne, kowa yana buɗewa. Ki aiko mini da naki na kanki. Kafin nan, don girman Allah, kada ki zubar da komai, kada ki share komai.

Jibi za mu koma ruwa. A gaishe mini da mutanen Hausari.

Yayanki,
Abdulnasir


Hausari, Maiduguri
19 ga Oktoba

Yaya Abdulnasir,

Wushe da aiki. Duk muna lafiya, sai ƙaramin nan da ya yi zazzaɓi, ya kuma warware. Gwiwarka ka riƙa ɗaure ta da tsumma mai ɗumi, ka daina cewa za ta daina da kanta.

Sai yau wasiƙarka ta iso hannuna, kwana huɗu babu wuta a gidanku na Umarari. Ammatullahi ce ta miƙo mini wayarta da wasiƙar a buɗe, ta juya ta fita da sauri. Yarinyar nan ta rame, aikin kammala jami'a da shirin biki sun haɗe mata.

Na karanta sau uku, kowane karatu ya fi na baya zafi. "Ana tambayar mai abu." Yaya, sau biyu na rubuto maka a watan Satumba ina neman izini. Ka duba akwatinka. Shiru na samu, malamin Ammatullahi kuma ba ya jiran jirgin kifi. Windows ɗin da ke ciki an daina aiko masa gyara, sabon kuma ya fi ƙarfin tsohuwar nan. Ko a sayi wata, ko a nemi abin da za ta iya ɗauka. Ka san wanda ya yiwu a cikin biyun.

Ka tambayi wanda ya yi Linux. Ka tuna gayya? Yadda ake taruwa a nome gonar mutum, ba wanda ya ce a biya shi? To haka ne. Mutane ne birjik a ƙasashe daban-daban, kowa ya gyara inda ya iya, suka bar shi a buɗe, duk mai so ya duba yadda aka ƙera shi. In ya lalace ba a kama kowa, tambaya ake yi a amsa maka. Yanzu kwamfutarka tana tashi kafin a gama ɗauraye kofin shayin. Na sha wuya kwana biyu kafin ta yarda da na'urar buga takarda, ban ɓoye maka ba, amma ta yarda.

Sai maganar sharewa. Kana yi mini gargaɗi kamar wata sabuwar shiga. Ranar biyu ga wata na yi aikin, kuma kafin in taɓa komai sai da na kwashe duk foldar da ke ciki: takardu, hotuna, bidiyo, abin da ke fuskar allo, har hotonka na fasfo da ka rufe ido ɗaya. Kwafi biyu na yi. Bayan nan na share rumbun cikinta gaba ɗaya na ɗora sabon tsari, domin haka ake yi.

Yau yini guda na bi kwafin folda bayan folda. Ban ga muryar Ya Turai ba. Karatun Alƙur'ani ne kawai sai wa'azi guda shida. Ko dai ka canja musu suna, ko kuma kana tuna wata na'urar ce daban. Ni ma uwata ce, Yaya. Da na ga sunanta a ko'ina, da hannuna bai wuce ta kai ba.

Ga adireshina a sama, tunda na gida "kowa yana buɗewa". Ka faɗi wurin, ka daina yi mini magana a dunƙule kamar ana ajiyar gwal.

Ƙanwarka,
Yagana


Nuwadibu
6 ga Nuwamba

Yagana,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya, Allah Ya ƙara wa ƙaramin sauƙi. Yau gaisuwata gajera ce, ki yi haƙuri.

Kwana ashirin da ɗaya muka yi a ruwa. Da muka sauka na wuce ofishin tasha ko wanka ban yi ba, na karanta inda kika ce kin share rumbun gaba ɗaya, na zauna a ƙasa. Mai gadi ya zo yana tambayata da Larabcinsu ko mutuwa aka yi.

Na duba akwatin. Saƙonninki na Satumba suna nan guda biyu, a ƙarƙashin tallace-tallace. Kin tambaya. Na janye wannan maganar. Sauran ban janye ba tukuna.

A kwandon shara suke.

Kada ki ɗaga murya, ki saurara. Kin manta inda Ya Turai take ajiye 'yan kunnenta na zinariya da murjaninta a Baga? A ƙulle cikin tsumma, a gindin kwandon shara na bayan madafa, toka a kai. Sau biyu ɓarayi suka shiga gidanmu. Sun ɗauki rediyo, sun farke katifa, sun fasa akwatin babanmu, ba wanda ya kalli kwandon. A gidanmu haka muka tashi, abu mai daraja a inda ido ke ƙyama ake sa shi. Da na ga kwamfuta ma tana da nata kwandon, na gwada na ga abin da ka jefa yana nan, in ka so ka ciro shi, sai na ce Alhamdulillahi, Turawa ma sun san dabarar. Shekara huɗu suna kwance a ciki, ba abin da ya same su, sai da gayyarku ta zo.

Za ki ce me ya sa na ɓoye. Saboda na arba'in da ɗayan ne. Sati biyu kafin ta rasu ta ce in kunna mata wayar in fita. Na tsaya a tsakar gida minti goma sha ɗaya. Da na dawo ta ce wannan na Ammatullahi ne, a kunna mata ranar wankin kai, lokacin da tsofaffi suka zaunar da amarya suna wanke mata gashi suna yi mata faɗan zaman aure. Ta ce wurinta ne wannan, ta kuma san ba za ta kai ba. Ta sa na rantse yarinyar ba za ta ji ba kafin ranar, ni ma ba zan saurara ba. Ban saurara ba, Yagana. Ko sau ɗaya. Ban san abin da ke ciki ba.

Biki goma ga Janairu. Kwantiragina sai Afrilu. Na riga na haɗiye cewa Ba'ana ne zai zauna a wurina ranar ɗaurin aure. Abu ɗaya da na ce zan yi wa 'yata daga nan shi ne in rubuto ranar in ce, a buɗe kwando, kakarki tana da magana. Shi ke nan abin da nake da shi.

Ke da kika kwashe har hotona mai ido ɗaya, me ya hana ki leƙa ciki? Kwando ne cike, ba ki yi mamaki ba? Na san amsar, ba sai kin faɗa ba. Amma ki bar ni in tambaya, ba ni da wanda zan yi wa faɗa a nan sai inji.

In akwai abin da za a iya, ki yi. Kada Ammatullahi ta sani. Gobe da sassafe za mu tashi.

Abdulnasir


Hausari
7 ga Nuwamba

Yaya,

Muna lafiya. Kai ma Allah Ya ba ka lafiya, har da ta tunani.

Kwandon shara! Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kwamfuta, na ga yaron da ya zuba wa allo ruwa don ya wanke ƙwayar cuta, ban taɓa ganin wanda ya mai da shara banki ba sai ɗan'uwana. Na ga kwandon cike, ƙwarai. Na ce a raina, Yaya Abdulnasir ko sharar kwamfuta ba ya zubarwa. Wa yake kwashe shara ya kai sabon gida? Da a wasiƙarka ta farko ka rubuta kalmomin nan biyu, da mun tsira da sati uku. Ka tsaya ɓoye-ɓoye.

Na gama faɗan. Na yi kuka kuma, a ɗakin malamai, a gaban mutane.

Ana tashi daga makaranta na hau keke zuwa Umarari, na zare kwamfutar daga gaban Ammatullahi, na kai wa Fabian. Ka san shi, ɗan Inyamurin nan mai shagon gyaran kwamfuta, wanda babansa ke sayar da kayan injin a da. A nan aka haife shi, Hausarsa har da karin Barebari. Da na gaya masa sai ya dafe kai.

Ya ce, "Malama, kwandon shara? Wane ne wannan, in je in gaishe shi?"

Na ce, "Yayana ne, kuma ba abin dariya ba ne, muryar uwarsa ce."

Sai ya daina. Ya ce shi ma ba shi da ko hoton tasa uwar, ruwa ya ci. Ya tambayi kwana nawa ana aiki da ita tun da na share. Na ce sati biyar. Ya ce, "Kai! Kai! Kai!"

Ga yadda ya bayyana mini, ko da yake na sani, ina so kai ka gane. Sharewa kamar a cire lambobin gidaje ne a unguwa a ce fili ne. Gidajen suna nan tsaye. Amma duk abin da aka ajiye sabo, rushe wani tsohon gida yake ya gina nasa a kai. Linux da na ɗora ya rushe wasu. Kowane shafi da Ammatullahi ta rubuta, kowane hoton ɗinkin biki da ƙawayenta suka turo, ya rushe wasu. Ba wanda ya san waɗanne. Daga yau ba mai kunna ta.

Akwai manhajar da ke bin rumbun lungu-lungu tana tsinto abin da ya rage. Ita ma kyauta ce, 'yan gayyar nan da kake zagi su suka yi ta. Fabian ya ce kwana uku in wuta ta tsaya, kuma abin da zai fito ba suna, sai lamba. Kada ka sa rai da yawa.

Ammatullahi za ta miƙa babi na huɗu ranar ashirin ga wata. Na ba ta tawa kwamfutar, ni kuma zan rubuta tambayoyin jarrabawar aji shida da hannu kamar zamanin da. Na ce mata batir ne ya kumbura. Ƙarya ce da ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda da ita ba, amma ta ce "to, Anti" kawai. Yarinyar da ke musu a kan gishirin miya.

Sai ka ji ni.

Yagana


Nuwadibu
27 ga Nuwamba

Yagana,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta kumbura, ba komai.

Na sauka na tarar da wasiƙarki ta bakwai ga wata. Bayanta babu komai. Kin ce kwana uku, yau kwana ashirin. Na buɗe akwatin, na rufe, na sake buɗewa, har mai ofishin ya ce akwai mutane a layi.

"Kada ka sa rai da yawa." Na gane. Haka likita ya ce mini a kan Ya Turai ranar Talata, ta rasu ranar Alhamis. In sun tafi ki ce sun tafi. Ni ba yaro ba ne da za a riƙa lallaɓawa da shiru. Na binne ta sau ɗaya, zan iya na biyu.

Na ba injiniyanmu labari, wani ɗan Senegal. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wayar da ke aljihuna ma jinin Linux ɗin ce. Wato abin ya kewaye ni ta ko'ina, ni kaɗai ne ban sani ba. Wannan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan.

An ba mu kwana huɗu a tasha saboda gyaran firiza. Ki amsa kafin Litinin. In babu, zan rubuta wa Ammatullahi da kaina in gaya mata kakarta ta bar mata magana, ubanta ya jefa a shara.

Abdulnasir


Hausari
28 ga Nuwamba

Yaya Abdulnasir,

Lafiya lau muke. Ka je a duba gwiwar nan tunda kana tudu.

Shiruna ba na mutuwa ba ne, na aiki ne. Ka san abin da Fabian ya miƙo mini? Fayil na sauti dubu shida da ɗari uku da goma sha biyu, ba ko ɗaya mai suna. Ƙarar wasannin yara, guntayen waƙoƙin Indiya, saƙon murya na Zainaba tana cinikin atamfa, wani abu mai "ƙiiit" sau ɗari tara. Fabian ba ya jin Barbarci sosai, ni ce mai saurare. Kullum in na dawo daga makaranta in zauna daga azahar zuwa magariba, ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya ce ya auri rediyo. Me zan rubuto maka? "Yau na saurari ɗari uku, babu"?

A kwana na biyar na ji tarinta. Ka tuna tarin da take yi kafin ta fara magana? Daga nan suka riƙa fitowa. Jerin yana ƙasa.

Yanzu na Ammatullahi. Ka zauna, amma ba a ƙasa ba.

Ranar Asabar da la'asar na same shi. Abin kunnena ya lalace, sai na saki sautin a ɗaki, ni kaɗai ce a gidan. Ta yi tari, ta ce, "Ammatullahi, jikata, in kina jin wannan to an jiƙa kanki ke nan, kada ki motsa, kumfa zai shiga idonki." Na san na karya rantsuwarka, amma dole in ji ko ya cika. Minti huɗu tana magana garau. Tana tsakiyar cewa, "ranar da kika yi fushi kada ki ɗora tukunya," sai sauti ya koma shuuu. Sauran minti bakwai an yi gini a kansu.

Sai na ji an ce daga bakin ƙofa, "domin abincin mai fushi gishiri yake yi wa yawa, gara ki ce kanki ke ciwo mijinki ya sayo tsire."

Ammatullahi ce, ta kawo mini kwamfutata. Tana tsaye da jaka a kafaɗa, hawaye har haɓa, ta ci gaba. Yaya, har ƙarshe. Da Barbarcin tsohuwar, da inda take tsayawa ta ja numfashi.

Na ce, "Ke! A ina?"

Ta ce, "Anti, a kwando mana. Wata uku bayan rasuwar na goge aikin makaranta bisa kuskure, na shiga in ciro, na ga sunana. Kuma a gidan nan wa bai san inda 'yan Baga ke ɓoye abu ba?"

Duk jajibirin jarrabawa sai ta saurara. Na ce me ya hana ta kwafa a waya? Ta ce a ganinta saurare aro ne, kwafa kuma sata. Ranar da na yi aikin tana makaranta. Ta dawo ta buɗe sabon kwandon ta gan shi wayam, ta san abin da ya faru tun kafin ni da kai. Ta yi shiru, domin in ta yi magana ka san ta ji. Ba ta san ana iya tsintowa ba, ta ci gaba da rubutu a kai. Ramar da na ce ta biki ce, ashe wannan ce. Kai ka ɓoye, ita ta ɓoye, ni na share. Fabian ya ce danginmu sai addu'a.

Na sa ta maimaita a hankali na rubuta. Ba zan aiko maka ba, rantsuwarka tana nan. Layi ɗaya kawai, domin kai ya shafa: "Ubanki ya ɗauko ɓoyona bai ɗauko wayona ba, ki riƙa duba masa."

Tana tsoron rubuto maka. Ta miƙa babi na huɗu, malamin ya karɓa.

Yagana


Nuwadibu
30 ga Nuwamba

Ƙanwata Yagana,

Wushe, wushe da ƙoƙari. Na je an duba gwiwar, an ba ni wani man shafawa mai warin kifi, kamar wanda nake ciki bai isa ba.

Jiya na yini ina fushi. Shekara huɗu ina kewaye fayil ɗin nan kamar kabari, ko sunansa ba na son kallo, ashe 'yata ta mai da shi karatun jarrabawa. Na rubuta mata wasiƙa mai zafi shafi guda. Na karanta, na ga duk abin da na zarge ta da shi, ba don shi ba da yau minti bakwai ɗin nan babu su a duniya. Na goge. Har kwandon na bi na zubar, kin ga na koyi wani abu.

Layin da kika aiko, ina zargin ku biyun kuka ƙara shi. Ya faɗo daidai inda ba mai iya dubawa. Amma bakinta ne sak, shi ya sa na ƙyale.

Linux ɗinku ya zauna. Har yanzu ban gane abin da mutanen nan ke ci a ciki ba, amma su suka rushe, su kuma suka ba da abin tono, ba su nemi komai ba. Laifin da ya rage nawa ne, na ɗauka. Maganar sakata da na yi miki a wasiƙar farko, ki yafe. Ki kai wa Fabian turaren wuta na haɗin Ya Turai ya ba matarsa, tunda haɗin ya fito.

Ranar wankin kai ga yadda za a yi. A kunna minti huɗun, kowa ya yi shiru. Inda ya yanke, amarya ba za ta yi wa kanta faɗa ba alhali kanta na cikin kwano. Ke za ki ɗauka daga nan ki karanta sauran, Ya Turai ta riƙe ki, kin isa. Ki ce wa Ammatullahi ta rubuto mini, ba zan ci ta ba. Ki yi kwafi uku, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin Zainaba, ɗaya a wayar amarya, a folda mai suna da manyan baƙaƙe yadda makaho ma zai gani.

Na bi jerinki da biro na ƙirga abin da na tsira da shi. A cikin arba'in na farko, ashirin da bakwai cikakku. Biyar guntaye. Takwas sun tafi, har da waƙar da take yi mini in zazzaɓi ya kama ni, wannan ba wanda ya haddace. Na arba'in da ɗaya kuma, minti huɗu a muryar uwata, minti bakwai a bakin 'yata.

Yayanki,
Abdulnasir